Kifin Murjani a Falon Damagaram

Daga cikin abubuwan da alhazai ke gani a Jidda su dawo suna ba da labari, samari kuma ke kallo a wayoyinsu har dare ya raba, akwai wata sha'awa wadda zancenta ya fara shiga majalisun masu hali na wannan gari namu, wato a girka babban akwatin gilashi a tsakiyar falo, a cika shi da ruwan gishiri, a dasa murjani mai rai a ciki, sa'an nan a saki kifin nan da ake kira malam-buɗe-littafi ya riƙa kai da kawowa, domin baƙo ya gani ya yi tasbihi. Ban ga laifin wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan ba, gama kifin yana daga cikin kyawawan halittun Ubangiji. Wanda ake samu a Bahar Maliya rawaya ne fatau, jikinsa shafal, da siraran layuka ja-ja daga bisa zuwa ƙasa, da wani tabo shuɗi a bayan ido, ga ɗan tsinin baki na tsintar abinci a cikin ramukan dutse, kuma galibi biyu-biyu suke yawo, miji da mata, ba su rabuwa. Danginsa sun kai iri 120 da ɗoriya, mafi yawansu a tekun Indiya da na Fasifik, akasarinsu tsakanin santimita 12 da 22. Waɗansu an yi musu baƙin zane da ya ɓoye ido na gaskiya, aka kuma sa musu ido na ƙarya kusa da wutsiya, domin mafarauci ya rasa ina kai yake.

Murjani dai ba baƙo ba ne a Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma rasu a 1884, ayarin fatake ke tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gadamus da Gat da Agadas, su sauke kaya a Zango kafin su zarce Kano, kuma a cikin kayan nan har da jan murjanin Bahar Rum da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya. Sai dai wancan ƙashi ne na abin da ya riga ya mutu, ana ajiye shi a adudu shekara da shekaru, a gada daga uwa zuwa 'ya, bai taɓa neman ruwa ko abinci ba. Wannan kuwa da ake son dasawa a falo dabba ce mai rai, ƙananan halittu dubbai da suka taru suka gina wa kansu gida na farar ƙasa, suna zaune tare da wani gansakuka a cikin naman jikinsu, shi yana samar musu abinci daga haske, su suna ba shi mafaka. Da zarar zafin ruwa ya ɗara yadda suka saba da digiri ɗaya ko biyu na 'yan makonni, sai su kori gansakukan, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. Haka ya faru a tekunan duniya a 1998, da 2016, aka kuma sake shelar irinsa a 2024.

To, mas'ala ta fari ita ce, kifin da murjanin ba su cika zaman lafiya a gida ɗaya ba. Da yawa daga cikin waɗannan kifaye murjanin ne abincinsu, akwai ma waɗanda ba su cin kome sai shi, har in aka ba su naman jatanlande ko garin da ake sayarwa a gwangwani sai su kau da kai, su rame a hankali, mai gida yana kallo yana zaton kunya suke ji. Ashe mai akwatin ya shiga tsaka mai wuya ke nan: in ya bar kifin ya ci, murjanin da ya saya da tsada ya ƙare, in ya hana shi, kifin ya halaka. Kamar mutumin da ya ɗaure akuya a cikin fangalin salati ne, yana fatan duka biyu su yi albarka. Masu wannan sana'a a Turai sun san 'yan ire-iren da ke karɓar wani abinci, suna kuma gargaɗin sabon shiga da ya nisanci sauran, amma mai sayarwa ba kullum yake faɗa wa mai saye ba.

Sa'an nan ga zancen ruwa, wanda ba ɗan Damagaram da ke bukatar a yi masa tafsirinsa. Ƙarancin ruwa na daga cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga nan suka mai da ita Yamai a 1926, kuma tun daga rijiyoyin Gogo da Macaya har zuwa na Arunguza da Ganaram, garin yana girma ne fiye da yadda famfo ke iya binsa, shi ya sa har yau in bazara ta kama sai ka ga layin bidoji a bakin famfo tun kafin kiran assalatu, da 'yan garuwa suna tura kura unguwa-unguwa. Kifin nan guda biyu suna bukatar akwatin da bai gaza lita 300 ba. Ruwan famfo ba ya yi musu sai an tace shi da na'ura, na'urar kuwa tana zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai tsabta. A kowace lita sai an narka giram 35 na wani gishiri na musamman da ake haɗawa a masana'antun ƙetare, gama gishirin Bilma da kanwa ba su tsaya a madadinsa ba. Kuma kowane mako ko biyu sai an kwashe ushurin ruwan an zuba sabo, ban da wanda iskar hunturu ke shanyewa kullum. Mai karatu ya lissafa da kansa, ya kuma tuna cewa malamai ba su yarda da israfi a cikin alwala ba ko da a bakin kogi mutum yake.

Wuta ita ce ta uku, kuma ita ce mai yanke hukunci. Ana son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 dare da rana, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura 40, saboda haka sai an haɗa na'urar sanyaya ruwa, da injin da ke motsa shi, da fitilu masu ƙarfi, dukkansu ba su hutawa. In wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i, iskar da ke cikin ruwan ta ƙare, abin da aka yi shekara ana reno ya tafi a tsakanin azahar da magariba. Duk wanda ya zauna a garin nan bayan Yulin 2023, sa'ad da aka katse wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, ya san abin da nake nufi.

Akwai kuma abin da ba a gani a cikin gilashi, wato hanyar da kifin ya biyo. Kusan dukkan irinsa kamo su ake yi daga teku, ba haifarsu ake yi a gida ba, kuma a Filifin da Indonisiya an daɗe ana kukan masuntan da ke fesa guba a ramukan murjani domin kifi ya suma su ɗauke shi da hannu, gubar ta kashe murjanin wurin, ta kuma bar wa kifin cuta a cikinsa. Wanda ya tsira sai a ɗaure shi a leda da ɗan ruwa, ya hau jirgi bayan jirgi, kafin ya fara doguwar hanyar mota zuwa garin da ke nesa da teku kimanin kilomita 1,000.

Ba na cewa ajiye dabba domin sha'awa haramun ne. Fuƙaha'u sun kafa hujja da hadisin yaron nan Abu Umair da ɗan tsuntsunsa a kan halaccinsa, kuma gidajen Birni ba su rasa tantabaru da barewa da dawakin ado ba tun kaka da kakanni. Amma su ɗin dai suka rawaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba; a cikin Muhtasar na Shehu Halil ma an wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, in ya gaza a sayar da ita. Kifin da aka rufe a gilashi ba shi da makiyaya, numfashinsa ma a hannun mai gida yake, don haka a ganina wanda bai tabbatar zai iya riƙe wannan amana a cikin bazararmu ba, bai kamata ya ɗauke ta ba tun farko.

Wanda kuwa sha'awar ta riga ta kama shi, akwai mafita kusa da gida. A ruwayen kudancin Najeriya da Kamaru da Kwango, har da yankin tafkin Chadi, akwai wani ɗan kifin ruwan daɗi wanda masana suka rubuta siffarsa tun 1876, shi ma sunan malam-buɗe-littafi yake amsawa ko da yake ba dangin wancan ba ne, Turawa kuma suna sayensa da kuɗi mai kyau. Launinsa na busasshen ganye ne, tsawonsa bai wuce santimita 12 ba, yana kwance a fuskar ruwa da manyan fika-fikai a shimfiɗe, yana jiran ƙwaro ya faɗo. Ba ya son gishiri, yana jure ɗumin ruwa har kusan digiri 30, yana kuma iya shaƙar iska daga sama, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta gaggauta kashe shi. Abincinsa gyare ne da ƙuda da ƙananan fari, waɗanda yara za su kamo a ƙarƙashin fitilar ƙofar gida. Sai dai a yi wa akwatin murfi mai kyau, gama gwanin tsalle ne.