Wai Autarmu Ta Zubar Mana Da Mutunci

'Yan uwana mata, ku yi haƙuri da ni, yau da fushi na ɗauki biro. Hoto ɗaya tak autarmu da ke aure a Amurka ta saka a zauren WhatsApp na dangi, tana tsaye jikin 'yar ƙaramar motarta, hular kwano a kan hijabinta, an manna lamba a ƙofar motar. Kafin la'asar gwaggonni sun gama yanke mata hukunci, wai ta zama 'yar tseren mota, wai zama cikin Turawa ya cire mata kunya, wai mijinta ba ya iya tsawata mata. Har wata ta bugo wa Hajiyarmu waya tana yi mata jaje sai ka ce rasuwa aka yi.

To ni dai gani ya kori ji, don da na kai mata ziyara har filin na bi ta. Sunan abin otokuros. Kulob ɗin masu motoci na garinsu ne ke kama hayar wani makeken filin ajiye motoci ranar hutu, su jera robobin nan masu tsini ruwan lemo irin na masu gyaran titi, su fitar da hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin motoci, da agogo kowa yake takara, babu mai gogar wani. Zagaye guda bai cika wuce minti ɗaya ba, gudun kuma da wuya ya haura kilomita 100 a awa, yawanci ma a giya ta biyu ake gamawa. Ki ture roba ɗaya a ƙara miki daƙiƙa 2, shi ya sa mai gaggawa ce ke zuwa ƙarshe.

Kafin ki shiga sai an duba motarki, taya da birki, a tabbatar batir a ɗaure yake, a sa ki kwashe duk wani tarkace har kafet ɗin ƙafa don kada ya maƙale ƙarƙashin birki. Sannan kowa ya bi hanyar a ƙafa ya haddace ta. In kin gama naki zagayen kuma babu zaman shan iska, fili za ki koma kina tayar wa wasu robobin da suka ture. Abin ba na yau ba ne, ƙungiyar SCCA da ke tsara yawancin irin wannan wasa tun 1944 aka kafa ta, ta fara gasar ƙasa baki ɗaya a 1973, tun 2009 kuma a garin Linkon na jihar Nebraska ake yin ta, har da rukunin mata.

Sau ɗaya na zauna gefenta. Wallahi babu addu'ar da ban karanto ba, ita kuwa ko a jikinta.

Yanzu mu dawo gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gwaggon da ta fi kowa zaƙewa, a bikin ɗanta aka yi wasan mota ranar kai amarya. Samari suka tare titin unguwa, mota tana juyi tana ƙugi, hayaƙin taya ya turnuƙe, wasu sun zauna a kan taga rabin jikinsu a waje, yara sun yi da'ira suna ihu. Babu hular kwano, babu wanda ya duba birki, motar ma ta uban wani ce aka sato mukulli. A gabana ta ƙwace ta yi kan wata yarinya mai tallar gyaɗa, ta karya mata ƙafa. Aka ce tsautsayi ne, aka biya kuɗin ɗori, da daddare aka ci gaba da biki. Har yau yarinyar nan tana ɗingishi, ban kuma ji wanda ya bugo waya yana cewa an zubar da mutuncin dangi ba.

Ki gaya mini tsakaninki da Allah, wa ke zuga yaran nan? Mu ne. Mu ke rangaɗa guɗa, 'yan mata ke ɗaga waya suna ɗauka, gobe a ce bikin wance ya yi armashi. Saurayin da ke murza sitiyari ba don bango yake yi ba, don idonki yake yi.

Ban ce abin autarmu babu haɗari ba, mota mota ce, kuma tsoron da Hajiya ke ji na uwa ne, ban ga laifinta ba. Yana kuma cin taya da kuɗi, wannan tsakaninta da mijinta ne, shi ne ma ya saya mata hular. Amma ita ta san yadda motarta ke yi in an taka birki da ƙarfi, ta gwada inda babu ɗan kowa a gabanta. Mu nawa ne a nan muke kwasar yara zuwa makaranta da lasisin da aka kawo mana har gida?

Watan gobe za a aurar da 'yar yayata, ni ce kuma uwar biki. Na riga na aika wa abokan ango, duk wanda ya juya mota a ƙofar gidan nan, amarya ba za ta fito ba sai ya bar unguwar. Hoton auta kuwa na wanke shi babba, yana rataye a falona, daidai inda Gwaggo ke zama in ta zo.