Ciyaman, Kwatar Nan Taka Ce

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa zuba wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba mu huta da guɗa ba. Ciyamomi na murna, kansiloli na murna, masu sharhi a rediyo sun ƙare da cewa talaka ya samu 'yanci. Madalla. Amma a duk wannan shagali ban ji wanda ya ɗauko ɗaya ɓarin maganar ba: wanda ya karɓi kuɗin gyaran kwata, shi za a kama idan kwata ta karya ƙafar mutum. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ɓoye komai ba. Titunan cikin gari, fitilun kan titi, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara, duk ya lissafa su a wuyan ƙaramar hukuma. To in ɗan acaɓa ya afka kwalbatin da aka fasa aka bari babu murfi tun damunar bara, cinyarsa ta karye, ya sayar da babur ɗin ya kwanta a Asibitin Ƙashi na Dala, me ake gaya masa? Ƙaddara ce. Ya yi haƙuri, ya bar wa Allah. In ya kuskura ya ambaci lauya, dattawan unguwa ne za su fara taruwa a kansa, wai zai jawo wa zuri'a abin kunya, wai ba a shari'a da hukuma.

Wannan ra'ayi nake cewa ƙarya ne, kuma ƙaryar da aka naɗa wa rawanin addini. Mun yi imani da ƙaddara, amma wane malami ne ya ce ƙaddara tana soke diyya? A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya yi bayanin wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a inda ba shi da ikon haƙawa: duk wanda ya faɗa ya ji rauni, shi ke da alhakin biya. Wannan a mazhabar da muke tutiya da ita ke nan. 'Yan siyasarmu ne fa ke zama a sahun gaba wajen tafsiri suna kaɗa kai in an kawo labarin yadda Sayyidina Umar ke tsoron a tambaye shi dabbar da ta yi tuntuɓe a Iraƙi. A tashi, su hau mota mai baƙin gilashi, direba ya kauce wa ramin da ke ƙofar masallacin.

Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan rasit. Je ka kowace kasuwar ƙauye ran cinta. Kafin mai tumatir ta sauke kwando, yaro ya tsaya a kanta da ɗan littafinsa. Kuɗin rumfa, kuɗin shara, kuɗin tsayawar mota, kuɗin awaki a kara. Ba su taɓa makara ba, ba su taɓa cewa a bar wa Allah ba. Ban taɓa jin mai karɓar haraji ya ce wa ɗan tireda "ƙaddara ce ta hana ka ciniki yau, je ka abinka" ba. Rumfar da ake karɓar kuɗinta kowane mako kuwa, ranar da kwanonta ya ɓallo ya tsaga kan yaro, sai a nemi hukuma a rasa. Ciyaman yana babban birnin jiha, inda iyalinsa suke, sai ƙarshen wata ake ganin ƙurar motarsa a sakatariya.

Za a ce ai shari'a da gwamnati ɓata lokaci ne. Eh, an shirya ta ne don ta zama hakan. Dokar kare jami'an gwamnati ta 1916, wadda Turawa suka bar mana, ta ba mutum wata 3 kacal ya shigar da ƙara, kuma a 1998 Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi, ba ma'aikaci kaɗai ba. Wata 3! Mai karayar cinya bai ma ajiye sanda ba. Ingila da muka kwafo dokar daga wurinta ta jefar da tata tun 1954, mu muna nan muna lallaɓa ta. Sannan dokokin ƙananan hukumomi na jihohi da dama sun ce sai ka fara aika takardar sanarwa ka jira wata guda kafin ka kai ƙara. In ka haye duk wannan ka yi nasara, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci na jiran ka: kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba ya taɓuwa sai Antoni-Janar ya yarda. Wato ka roƙi lauyan gwamnati izinin karɓar kuɗin gwamnati.

To wannan hujjar zama a gida ce? Hujjar gaggawa ce. A ɗauki hoton ramin a ranar, a adana takardun asibiti, a rubuta sunayen shaidu, a ga lauya kafin a ga mai ɗori karo na biyu. Hukumar ba da agajin shari'a tana nan tun 1976, ko da yake mutanenmu sun fi sanin hanyar gidan boka. Masu cewa diyya za ta cinye kuɗin raya karkara kuwa, su fara nuna mana karkarar da aka raya.

Asalin wannan tsoro na kai ƙarar hukuma ba daga littafi ya fito ba, daga En'e ya fito. Kakanninmu sun ga zamanin da alƙali da ɗan doka da gidan yari duk a hannu guda suke, mai kai ƙarar hakimi shi ke kwana a ɗaure. Abin da 'yan NEPU suka sha bulala a kansa ke nan tun 1950. An rushe En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka sauya allon ƙofar ofis, amma rusunawar tana nan. Abin takaicin, jikokin waɗanda aka ɗaure ɗin ne yau ke sa jar hula ko farar hula, suna rantsuwa da sunan Malam Aminu a kan mumbari, su sauko su ce wa gurgun da kwatarsu ta gurgunta ya ji tsoron Allah ya janye ƙara. A ba shi buhun shinkafa da dubu 20, a ɗauki hoto, a sa a Facebook da sunan tallafi.