Daɗin Da Iyayen Wa Suka Ji?

Kullum muka buɗe waya sai mu tarar da matasan Amurka suna cacar baki da dattawansu. Matasa na cewa iyayensu sun sha romo, albashin mutum ɗaya ya sayi gida ya riƙe iyali, su kuwa an bar su da bashin karatu da tsadar haya. Dattawa na cewa yaran yanzu ragwaye ne, su da guminsu suka tara. Mu da ke kallo daga nesa sai mu yi saurin ɗaukar ɓangare, alhali kowannensu akwai abin da yake rufewa.

Kukan matasan gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, kuɗin haya da na jami'a kuwa ba su tsaya jiran kowa ba. Amma in sun ce "iyayenmu sun ji daɗi", iyayen wa suke nufi?

A 1944 gwamnati ta yi dokar G.I. Bill, ta biya wa sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu kuɗin karatu, ta tsaya musu wajen karɓar rancen gida. Baƙaƙen fata sama da miliyan ɗaya sun sa kaki a yaƙin nan. Amma a 1947, a garuruwa 13 na jihar Mississippi, cikin rance sama da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu kacal suka shiga hannun baƙar fata. A Levittown ta jihar New York, inda dubban tsofaffin sojoji suka samu gida da araha, an hana baƙar fata zama. Sai a 1968 doka ta haramta wannan wariya, bayan an gama rabon.

Ruwa ba ya tsami banza. Gidan da kaka ya saya da araha shi ne gadon jika yau. Ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022 ta nuna iyalin farar fata mai matsakaicin hali na da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa 44,900.

Don haka muna ce wa dattijon nan: ka yi gumi, ba mu musa ba, amma gwamnati ce ta kafa maka tsani, ta janye shi da maƙwabcinka ya zo hawa. Matashi farar fata kuma ya sani, takaicinsa shi ne ya makara ga walimar da aka yi a gidansu. Takwaransa baƙar fata kuwa, kakansa ma a bakin ƙofa aka tsayar da shi. Duk wanda ya zo mana da labarin "zamanin daɗi", mu fara tambayarsa wa aka bari ya shiga.