Gado Da Katifa Ba Su Riƙe Aure

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu tattauna wani al'amari da muke jin nauyin ambatonsa, watau soyayya tsakanin miji da matarsa.

A shekarar 2012 Hukumar Hisba ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa, ta fara aurar da zawarawa da ma'aurata 100. A watan Oktoba na 2023 kuwa aka ɗaura aure 1,800. Gwamnati ta biya sadaki, ta ba da gado da katifa da ɗan jari. Wannan aikin alheri ne. Amma abin da ya jawo shirin tun farko shi ne yawan mutuwar aure, kuma abin da ke hana aure mutuwa ba a sayo shi a kasuwa.

Mu duba unguwanninmu na Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Ɗan kasuwa ya yi sammako zuwa Kantin Kwari, ma'aikaci ya nufi Sakatariyar Audu Baƙo. Can za mu wuni muna yi wa mai saye fara'a, muna rusuna wa shugaba. Da mun dawo gida sai mu murtuke fuska, mu ajiye kuɗin cefane kamar masu biyan haraji, mu fice majalisa sai dare ya raba. Da haka sai gida ya koma masauki, uwargida ta koma mai dafa abinci.

Allah Maɗaukakin Sarki ya lissafa ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyinsa, a Suratur Rum, aya ta 21. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ɓoye tasa ba. Amru ɗan Asi ya tambaye shi wanda ya fi so cikin mutane, ya ambaci Nana A'isha. Bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. To, ina kunyarmu ta fi tasa?

Kuma so ba ya zuwa da tilas. Da aka 'yanta Barira ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, shi kuwa yana bin ta a titunan Madina yana hawaye. Annabi ya roƙe ta ta koma, ta tambaya ko umurni ne, ya ce ceto ne kawai. Ta ƙi, bai tilasta mata ba. Iyaye masu aurar da 'ya don kuɗi ko muƙami su yi tunani a kan wannan.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Maigida ya shiga da sallama da sakin fuska, ya yaba abinci, ya zauna hira da iyalinsa kafin majalisa. Uwargida ta gode wa ƙoƙarinsa ko da ƙanƙane ne, ta rufa masa asiri. 'Ya'yanmu suna kallonmu, kuma abin da suka gani shi za su kai gidajensu.

Allah ya sanya albarka a gidajenmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.