Mai dabara bai cancanci alƙalancin gasar dabararsa ba

A kusan kowace maƙala da ke gabatar da sabuwar dabarar ƙididdiga akwai jadawali guda da mai karatu zai iya hasashen abin da ke cikinsa tun kafin ya duba: sabuwar dabara a sama, tsofaffin a ƙasa. Da a ce waɗannan jadawalai gaskiya suke faɗa kullum, da ci gaban fannin ya wuce misali. Amma tun a 2006 David Hand na Kwalejin Imperial da ke Landan ya nuna cewa sauƙaƙan dabarun da aka daɗe da sani sukan cimma mafi yawan abin da masu sarƙaƙiya ke cimmawa.

Ba lallai ne marubutan su yi ƙarya ba. Wanda ya ƙirƙiro dabara ya san ta ciki da waje, don haka yakan daidaita ta yadda ya kamata, ya bar na abokan gasa a saitin da suka zo da shi. Tarin bayanan da bai yi mata daɗi ba kuwa ba ya rasa dalilin ajiye shi gefe. Son kai ne irin wanda mai shi ba ya gani.

Saboda haka kiran da Anne-Laure Boulesteix ta jami'ar Munich a Jamus da abokan aikinta suka yi a 2013 ya dace: a riƙa gudanar da nazarin da kwatance ne kaɗai manufarsa, a hannun waɗanda ba su da rabo a sakamakon. Daga baya ta kamanta lamarin da gwajin magani a asibiti, inda dabara take matsayin magani, tarin bayanai kuma yake matsayin majiyyaci. Likita mai gaskiya ba ya zaɓen majiyyatan da zai saka a rahoto bayan ya ga waɗanda suka warke. Yakan rubuta sharuɗɗan shiga tun farko, ya tsaya a kansu.

Wannan kamance yana da wani darasi da ɗalibai suka fi mantawa. Idan tarin bayanai ne majiyyaci, girman samfurin nazarin shi ne yawan tarin da aka gwada, ba yawan layukan da ke cikinsu ba. Maimaita gwaji sau ɗari a kan tari ɗaya kamar auna majiyyaci ɗaya ne sau ɗari. Janez Demšar na jami'ar Ljubljana ya ba da shawara a 2006 cewa a yi amfani da gwajin Wilcoxon idan dabaru biyu ne, da gwajin Friedman idan sun fi haka, inda ake jera dabarun bisa matsayi a kowane tari. Lissafin a nan ba shi da tausayi: da tari biyar kacal, ko da dabara ɗaya ta yi nasara a dukkansu, gwajin Wilcoxon mai fuska biyu ba zai sauka ƙasa da 0.0625 ba, wato bai kai ma'aunin 0.05 da aka saba ba.

Yawa kaɗai ma ba ya wadatarwa. A 2014 Manuel Fernández-Delgado da abokansa sun gwada dabarun rarrabewa 179 a kan tari 121, suka ce dangin Random Forest, dabarar da Leo Breiman ya gabatar a 2001, su ne kan gaba. Bayan shekara biyu Michael Wainberg da wasu biyu suka nuna cewa bayanan da aka daidaita dabarun da su sun cakuɗu da waɗanda aka auna su da su, kuma an tsallake gwaje-gwajen da wasu dabaru suka kasa kammalawa. Ga kuma tambayar asalin tarin. Mafi yawansu daga rumbun jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka fito, rumbun da aka cika da abin da mutane suka bayar, ciki har da furanni 150 na Fisher na 1936. Ɗalibin da ke fama da bayanan binciken gidaje, masu giɓi da yawa, waɗanda aka tattara ƙauye bayan ƙauye, ba shi da tabbacin cewa zakaran can zai yi cara a wurinsa.

Abin da ya kamata mai duba kundin digiri ya nema, kafin a kunna kwamfuta, takarda ce mai kwanan wata da ta fayyace irin bayanan da ake son hukuncin ya shafa, da ƙa'idar zaɓen tarin, da ma'aunin nasara guda ɗaya, da lokacin daidaitawa daidai wa daida ga kowace dabara. A ciki kuma a rubuta yadda za a ƙirga dabarar da ta tsaya cak ba ta ba da amsa ba, domin share ta daga jadawali ɗaga matsakaicin makinta yake yi.