Ɗiyanmu na ƙera kumbo da kara, mu nemo masu hoton gaskiya



Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san motar kara. Bayan girbi yara su samu karan dawa, su ɓare shi, su haɗa da langa-langa da tsohon silifa, sai ga Toyota ko babbar motar kaya, har da madubi da tayar safiya. Abin da ya sa take kama da ta gaske shi ne yaron ya ga motar da idonsa a tasha, ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta har direba ya kore shi. Yanzu da salula ta shiga kowane gida, ɗiyanmu sun fara ɗaga kai sama. Za ka ga yaro da kwali da gwangwani yana haɗa roka, yana cewa kumbo zai yi, har da hasumiyar da ake harba shi. To amma kumbo ba ya zuwa tasha. Hoto kawai yaron ke da shi, kuma galibin hotunan da ke faɗo masa ba na kirki ba ne.

Ra'ayinmu shi ne nemo wa yaran nan hoton gaskiya aikin manya ne, kuma aiki ne mai arha da bai kamata ya gagare mu ba.

Ku duba abin da ke yawo a Facebook da TikTok. Wani hoton daga fim aka yanko shi, wani daga wasan kwamfuta, wani kuma ƙirƙirarriyar basira ce ta zana shi, roka da fuka-fukai shida tana tashi daga tsakiyar kasuwa. Yaro bai san bambanci ba. Zai kwashe sati biyu yana wahala, ya ƙera abin da babu shi a duniya, ya kai lakwal, in ya yi sa'a a tafa masa, in bai yi ba a yi masa dariya. Ko wanne aka yi bai ƙaru da komai ba, don babu tambayar da ƙarya za ta iya amsa masa.

Alhali hotunan gaske suna nan kyauta. Hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta zuba hotunanta a intanet, kuma galibinsu kowa na iya sauke su don karatu. A 2015 an ɗora hotunan tafiye-tafiyen Apollo sama da 8,000 a shafin Flickr. Akwai kuma Wikimedia Commons. Ka rubuta sunan abin daidai, misali Saturn V ko Apollo 11, sai su fito. Alamar hoton kirki ita ce yana da asali, kamar mutum: an faɗi ranar da aka ɗauke shi, da wurin, da lambarsa. Na NASA da yawa lambarsu na farawa da KSC ko AS11. Hoton da ba kwanan wata, ba wuri, ba sunan mai shi, a yi hattara da shi.

Hoto guda kuma ba ya isa. Tela ba ya ɗinka riga don ya hango mai ita daga gaba kawai. Ana son na gaba, na gefe, na baya, in an samu har da na bisa. A nemi wanda mutum ko mota ke tsaye kusa da rokar, don a gane girmanta. Sannan a tabbata rokar da dandalin harbawar na gida ɗaya ne. Rokar Soyuz ta Rasha a kwance ake jawo ta bisa layin dogo a Baikonur, cikin Kazakistan, a miƙar da ita, ƙarafa huɗu su riƙe ta, in ta tashi su buɗe su koma baya. Saturn V ta Amurka kuwa a tsaye aka riƙa ɗaukar ta tare da hasumiyarta, bisa wata ƙatuwar mota mai tafiyar da ba ta kai kilomita 2 a awa ba, har dandalin 39A a Florida. Hasumiyar tana da hannuwa tara da ke kai mai da wuta da mutane ga rokar, ƙarƙashi kuma akwai rami da ke karkatar da harshen wuta. In yaro ya ɗora rokar wannan bisa dandalin waccan, ya yi wa raƙumi sirdin doki. Ko shekarar hoto ma tana da amfani. Jirgin nan na Amurka mai zuwa ya dawo, Columbia, farin tankin mai ne gare shi a tashinsa biyu na farko a 1981. Daga baya aka daina yi wa tankin fenti, aka rage nauyin kilo kusan 270, shi ya sa a sauran hotuna ake ganin shi ruwan ƙasa.

Ga inda wasa ke zama karatu. Saturn V, wadda ta tashi ran 16 ga Yuli 1969 da mutanen farko da suka taka wata, tsawonta mita kusan 111 ne, kaurinta a gindi mita 10. A ce wa yaro ya rage komai sau ɗari, darasin da mushe ke koyarwa a ajin CM2 da sunan eshel. Rokarsa za ta zama mita 1 da santimita 11, gindinta santimita 10, kusan kaurin gwangwanin madarar gari. Mutum mai tsawon mita 1.70 zai koma santimita 1.7, bai kai tsinken ashana ba. Ɗan ɗakin da mutum ukun suka zauna can a ƙoli, wanda shi kaɗai ya dawo duniya, faɗinsa bai wuce santimita 4 ba. Wallahi yaron da ya riƙe wannan ɗan abu a tafin hannunsa, ya dubi dogon gwangwanin da ke ƙasansa, da kansa zai tambaya: to duk sauran na mene ne? Sai a gaya masa kusan duka mai ne, cewa rokar ta kai nauyin tan kusan 2,900 in an cika ta, kuma hawa uku gare ta, kowane ya ƙone mansa a yar da shi don a rage kaya. Darasin da ake shan wuya a allo ya shiga ke nan, ba bulala.

Mun san abin da wasu za su ce. Mu da ke lissafin damma nawa suka rage a rumbu, ga tsadar abinci, ga matsalar tsaro, ina mu ina kumbo? Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai ko damina da muke jira, da hotunan tauraron ɗan adam cibiyar Agrhymet ta Yamai ke bin sawun ruwa da ciyawa, kuma makiyayan arewacin Dakoro na cikin waɗanda labarin ya shafa. Maƙwabciyarmu Najeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, tun 2003 daga Plesetsk a Rasha. Senegal ta harba nata a Agustan 2024. A Satumban 2024 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun zauna da Rasha a Bamako kan samun taurarin sadarwa da na sa ido. In an sayo su, su wa za su riƙe su? In ba mu shirya namu ba, haya za mu ci gaba da yi, har ta masu karanta mana hoton gonakinmu.

Kada kuma a ce ba jininmu ba ne. Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan cikin jiharmu. Cheick Modibo Diarra ɗan Mali ya yi aiki a NASA kan kumbon Pathfinder da ya sauka duniyar Mars a 1997. A Kano, a 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura, kuma ya gaya wa ƴan jarida cewa a intanet ya koyi yadda abin ke tashi.

Abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba. Babban wa ko yaya mai salula, ranar da kuka sa kati, ku ware ɗan lokaci ku sauke hotuna biyar ko shida na roka guda, tare da tsawonta da kaurinta. Sau ɗaya ake saukewa, sauran a tura ta Bluetooth ko Xender ba kuɗi. Malaman lakwal su kai wa mai fotokopi ya fitar a takarda, a manna a bangon aji, don yaron da ba salula a gidansu shi ma ya gani. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke zuwa gida hutu su zauna da ƙannensu da rula, su fassara masu abin da ke rubuce ƙarƙashin hoton. A sa ƴan mata a ciki, hannun da ke saƙa faifai daidai wa daida ba zai kasa haɗa hasumiya ba. Masu walda da kafintoci su bar wa yara guntayen waya da katako.

Gargaɗi ɗaya ga iyaye: samfuri na kallo ne da awo. Kada a bari yaro ya ɗura masa fetur, garin ashana ko albarushi wai ya ga ya tashi. Ido da yatsa ba su da na canji.

In ɗanku ko ɗiyarku sun ƙera wani abu, ku ɗauki hotonsa kusa da hoton da suka kwaikwaya ku turo mana, ku faɗi sau nawa aka rage girman. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu damina mai kyau da zaman lafiya.