Ƴan lakkol, ku dubi lifidi kafin ku dubi salula



Kwanan baya mun leƙa wani ɗan bajekolin zane da ƴan lise suka shirya. An ce kowa ya zana tufar biki, in da hali ya ɗinka. Yaran sun yi ƙoƙari, hannu kam akwai shi. Amma abin da ya tsaya muna a rai shi ne, galibinsu daga salula suka kwaso: fuka-fukan karnabal na Birazil, rigunan fina-finan Indiya, kayan sarautar Turawa. Muka ce ikon Allah! Yaron da aka haifa a Birni, wanda hawan salla ke bi ta ƙofar gidansu, shi ne zai tafi Birazil aron kwalliya?

Ba laifin yaran ba ne su kaɗai. Mu ne ba mu nuna musu cewa abin da suke gani ranar salla ilimi ba ne.

Ku ɗauki lifidi. Ƙyalle ne biyu aka cusa wa auduga a tsakani, aka bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta tattaru wuri guda. An yi shi ne don ya tare kibiya da mashi, ya kare doki da mahayinsa. Ke nan kowane layin ɗinki yana da aikinsa, kwalliyar daga baya ta biyo. Ɗalibin da ya gane wannan ya samu darasin da babu shi cikin kaye: a fara da amfani, kyau zai biyo baya. Haka ja da koren dogarai: launi ne da ake hangowa daga nesa, kowa ya san sarki na tafe, a ba da hanya. Haka babbar riga mai aska takwas, wadda maɗinki kan share watanni yana yi da allura.

Ku zo Damagaram ku ga wasan kara. Matasa su ɗauki karan hatsi, abin da wasu ke ƙonawa a gona, su yi doki da shi, su yi bindiga, su kwaikwayi sarki da manyan gwamnati, mutane na dariya. Ɗalibin da ke kukan ba shi da kuɗin kayan aiki, ga amsa nan. Ku dubi walkin ƴan kokowa a gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Ku dubi baƙin rawani mai sheƙi da ake sawa a Bianu na Agadas, wanda bugu ne ya ba shi wannan ƙyallin bayan ya fito daga marina. Ku dubi adon samarin Wodaaɓe a Gerewol.

Wani zai ce, ai kayan da ne, duniya ta ci gaba. To Alphadi fa? A 1998 ya kai bikin FIMA cikin hamadar Tigidit, manyan maɗinkan duniya suka biyo shi har can. Da kayan gida ya ja su, ba da na aro ba. Ba mu ce a rufe salula ba. A duba na wasu, a ƙaru. Amma wanda bai san na gidansu ba, ko ya kwaikwayi na wani, na biyu zai zo.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan muke so a saurare mu da kyau. Ba duk abin da ido ya gani ba ne ake ɗauka. Layar da ke damtsen ɗan kokowa ba ado ba ce a wurinsa. Rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne, ba kowa ke naɗa shi ba. Kayan da dattawan Masalata ke sawa ranar buɗin daji suna da nauyi a wurin masu su. Ɗalibi ya yi sallama, ya tambaya, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto. In an ce wannan ba a taɓawa, ya bari. In baduku ya nuna masa yadda ake jima da bagaruwa, ko yadda ake fitar da jan launi daga karan dafi, to ya rubuta sunan badukun a jikin aikinsa, ya kuma sayi wani abu a hannunsa ko na jika guda ne. Ɗaukar ilimin mutum a manta da shi, wannan ba wayewa ba ce.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne lokaci. Masu wannan sana'a suna tsufa, ƴaƴansu da yawa sun koma kabu-kabu, kasuwa kuma ta cika da ɗinkin inji. Ranar da maɗinkin lifidi na ƙarshe a unguwa ya kwanta dama, hoto zai rage, amma hoto ba ya koya wa kowa riƙon allura.

Don haka kiranmu ga mushe da madam: kafin ku ba da aikin zane na gaba, ku kai yara fada, ku kai su majema, ku kai su marina. Na Yamai ga gidan tarihi na Boubou Hama nan, da masu sana'ar hannu a cikinsa suna aiki. Iyaye kuma, a buɗe adakar kaka a nuna wa yara. Ku kuma ɗalibai, salla mai zuwa ku fita da kaye da alƙalami, ku tsaya kusa da dawaki, ku zana abin da kuka gani.

A garinku wace tufar biki ce ta fara ɓata? Ku faɗa muna. Allah Ya sa mu dace.